Idan Babba Ya Sauya Hali: Cutar Gaban Ƙwaƙwalwa Da Ake Gado

Ranar da kika fara zuwa awo, kafin a gwada jininki ko ki hau sikeli, akwai tambayoyin da muke cike katinki da su. Akwai mai hawan jini a danginku? Akwai mai ciwon sukari? Ana haihuwar tagwaye a gidanku? Ke da maigida kun yi gwajin sikila? Duk waɗannan kin saba da su. To akwai wata tambayar da ba ta cikin kati, amma lokaci-lokaci mata kan yi mana ita da kansu, galibi bayan an watse, murya ƙasa-ƙasa: "Sista, mahaifin maigidana ya rikice tun bai kai sittin ba, an ce haka ma yayarsa ta yi. Abin zai bi abin da ke cikina?"

Wannan tambaya ba ta amsuwa a tsaye bakin ƙofa. Abubuwan da ke rikita babban mutum suna da yawa, kuma mafi yawansu ba gadonsu ake yi ba. Amma akwai guda ɗaya da a wasu gidaje takan bi jini, daga uba ko uwa zuwa 'ya'ya. Likitoci na rubuta sunanta a taƙaice FTD, wato lalacewar sashen gaba da na gefen ƙwaƙwalwa. A nan za mu riƙa kiranta cutar gaban ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawa a cikin jama'a, sai dai gidan da ta shiga ba majinyacin kaɗai take ci ba, har zumunci takan ɓata, saboda ba wanda ke ɗaukarta a matsayin ciwo. Shi ya sa zan fara da abin da ke faruwa a cikin kan mai ita, domin daga nan amsar tambayar take fitowa.

Inda kunya take zaune

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum kimanin kilo 1.4 ne, tana ɗauke da ƙwayoyi kusan biliyan 86, kuma kowane sashe da aikinsa. Ɗora tafin hannunki a goshi. Abin da ke bayan wannan ƙashi shi ne sashen gaba, kuma shi ke riƙe da linzamin mutum. Shi ke hana ki faɗin duk abin da ya zo bakinki a gaban surukai. Shi ke sa ki lura fuskar baƙuwa ta canza, ki yi maza ki sauya zance. Shi ke tsara miki cewa sai an surfa wake an jiƙa kafin a kai niƙa. Sa'annan ki taɓa gefen kanki daidai saitin kunne. A nan ake ajiye ma'anar kalmomi da sanin fuskokin mutane.

Likitoci sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1848 wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, mai suna Phineas Gage, ya yi hatsari, sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, yana tafiya yana magana, amma likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar da rashin haƙuri. Mukan ce hali zanen dutse, kuma haka yake ga mai lafiya. Sai dai wurin da aka yi zanen nama ne, kuma nama yakan yi ciwo.

Abin da ƙarfe ya yi wa wancan mutum a rana ɗaya, shi wannan cuta ke yi a hankali cikin shekaru. Galibi tana farawa tsakanin shekara 45 zuwa 65, lokacin da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa, yana riƙe da gida. Magidancin da aka sani da kamun kai sai a ji yana yi wa matan mutane maganar banza a kan hanya. Ya miƙa hannu cikin kwanon baƙo. A faɗa masa rasuwar ƙaninsa, ya ce to, ya tambayi abinci. Ya kama son zaƙi kamar yaro, ya cinye sukarin gida. Wani kuma zama zai yi tun safe har dare ba ya wanka ba ya fita, wani ya riƙa maimaita abu ɗaya, kamar zagaya gida ko tara ledoji. Akwai waɗanda ta harshe take fara kama su, kalma ta riƙa ɓace musu, ko a ce "miƙo ludayi" su tambaya mene ne ludayi. Ɗan wasan fina-finan Amurka Bruce Willis ya bar aiki a 2022 saboda matsalar magana, a watan Fabrairun 2023 kuma iyalinsa suka sanar cewa wannan cuta ce.

Abin da ke ruɗa dangi shi ne, a shekarun farko ba ya mantuwa. Ya san hanyar kasuwa, ya san sunan kowane jika, ya san wanda yake bi bashi. Gigin tsufa da muka saba gani, wanda galibinsa cutar Alzheimer ce, da mantuwa yake farawa, kuma yawanci bayan shekara 65. Shi wannan kuwa tunaninsa na nan, kunyarsa da tausayinsa ne suka tafi. Har ila yau, shi kansa bai san ya sauya ba, domin sashen da zai gaya masa shi ne ya lalace. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. A ce iskanci ya tsiro da shi da girmansa. A ce sammu ne, kuma idan akwai amarya a gidan, to an sami wadda za a ɗora wa. Idan mace ce ta kamu, kafin kowa ya yi tunanin asibiti ta yiwu an riga an sake ta. Wannan zalunci ne da ake yi bisa rashin sani, kuma shi ya fi ci mini rai a dukan lamarin.

Abin da ake gani idan an duba ƙwaƙwalwar

Wani likita a birnin Firag, Arnold Pick, shi ya fara bayyana irin wannan majinyaci a 1892. A 1911 Alois Alzheimer na Jamus, wanda aka sa wa waccan cutar sunansa, ya duba naman ƙwaƙwalwar irin waɗannan majinyata da madubin likita, ya ga wasu dunƙulallun abubuwa a cikin ƙwayoyin. Mafi yawan abin da aka sani yau ya samo asali ne daga iyalan da suka yarda aka duba ƙwaƙwalwar mamatansu.

Ko da ido ana ganin bambanci. Fuskar ƙwaƙwalwa mai lafiya cike take da tudu da kwari, tudun a cike, kwarin a matse. A wannan cuta tudun gaba da na gefe sukan motse, wani lokaci su yi siriri kamar bakin wuƙa, kwarin ya buɗe, ramukan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa su faɗaɗa su cike gurbin da ya ɓace. Bayan kai kuwa, inda gani yake, yana nan kusan yadda yake. Idan cutar ta yi nisa nauyin ƙwaƙwalwar kan sauka ƙasa da kilo 1. A ƙarƙashin madubi ana ganin ƙwayoyi sun mutu, saman naman ya yi ƙananan ramuka kamar soso, wasu ƙwayoyi masu aikin tabo sun maye wurin. Akwai ma wasu dogayen ƙwayoyi na musamman, masu sunan likita von Economo, waɗanda ake samu a sassan da ke haɗa abin da jiki ke ji da sanin halin da mutane ke ciki. Binciken da aka buga a 2006 ya nuna suna cikin waɗanda cutar ke fara kashewa.

Me ke kashe su? Furotin ne na jikin mutum da kansa. Kada ki ɗauka na nama ko wake da kike ci ake nufi, abinci ba shi da laifi a nan. Kowace ƙwaya ta jiki tana ƙera dubban furotin nata, kowanne da siffarsa da aikinsa, kuma umarnin ƙera kowanne a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado da muka karɓa daga iyaye. Idan aka sami kuskure a rubutun, furotin ɗin kan fito a karkace, ko ya yi kaɗan, ko ya dunƙule ya toshe ƙwayar. A cutar da ake gado, kusan duk laifin yana wuyan ƙwayoyin gado guda uku.

Ta farko sunanta MAPT, an gano ta a 1998, kuma ita ke ba da umarnin ƙera furotin mai suna tau. Kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa tana da doguwar jela da take aika saƙo da ita, a cikin jelar kuma akwai siraran bututai da abinci da kayan aiki ke bi. Aikin tau shi ne riƙe bututan nan su tsaya daram, kamar yadda tanka ke riƙe danga. Idan MAPT ta sami matsala, tau kan saki bututan ya koma yana manne wa ɗan'uwansa, har su zama ƙulli a cikin ƙwayar. Hanya ta rushe, shara ta taru, ƙwayar ta mutu. Irin wannan ya fi cin gefen ƙwaƙwalwa ta gaba-gaba, dama da hagu kusan daidai, kuma wasu majinyatan kan haɗa da sanƙarewar jiki da nauyin tafiya. Ita ce ta fi saurin bayyana cikin ukun.

Ta biyu ita ce GRN, an gano ta a 2006. Furotin ɗinta, furogiranulin, yana taimaka wa sashen ƙwaya mai narkar da shara. A nan ba karkacewa furotin ɗin ya yi ba. Kwafi ɗaya cikin biyun da mutum ke da su ne ya daina aiki, sai jiki ya riƙa samun rabin abin da ya kamata, har ana iya auna ƙarancin a cikin jini. Da rabin nan ƙwaƙwalwa za ta yi ta lallaɓawa shekara hamsin ko sittin, kafin sharar ta fi ƙarfinta. Abin da ke dunƙulewa a ƙarshe wani furotin ne daban, TDP-43, wanda shi ma a 2006 aka gane shi. Wurin zamansa cibiyar ƙwaya, inda yake kula da yadda ake kwafe umarnin gado. A cikin cutar sai ya bar cibiyar ya fito waje ya curu, aikinsa na ciki ya tsaya, wajen kuma ya toshe. GRN ta fi son cin ɓari ɗaya fiye da ɗaya. Idan hagu ta kama, magana ce ke fara tafiya. Shekarun bayyanarta kuwa ba su da tabbas ko a cikin gida ɗaya, wa zai iya kamuwa yana da 50, ƙanwarsa sai ta haura 70.

Ta uku, C9orf72, sai a 2011 wasu tawagogin masu bincike biyu suka gano ta, kuma ita ce ta fi yawa a cikin ukun, musamman a arewacin Turai, irin su ƙasar Finlan. Matsalarta maimaici ne. Akwai wani ɗan guntun rubutu mai harafi shida a cikinta, wanda a jikin yawancin mutane bai fi a maimaita shi sau 2 zuwa 20 ba. A jikin mai cutar ana samunsa sau ɗaruruwa, har dubbai, kamar kaset ɗin da ya sarƙe yana nanata wuri ɗaya. Wannan tulin maimaici yana rage furotin mai amfani, yana cushe cibiyar ƙwaya, yana kuma sa a ƙera wasu baƙin furotin marasa aiki. A ƙarshe TDP-43 ne dai ke dunƙulewa. Ɓarnarta ba ta tsayawa a gaba, takan kai can tsakiyar ƙwaƙwalwa, da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, da ƙwayoyin laka masu motsa tsoka. Saboda haka a dangi ɗaya za a ga wani halinsa ya sauya, wata kuma hankalinta garau amma hannuwanta na ramewa suna mutuwa, haɗiya na gagararta, wato cutar da likitoci ke kira ALS. Dangi na ganin cututtuka biyu ne, alhali tushensu ɗaya. Wasu masu irin wannan kan ji muryoyi ko su riƙa zargin ana binsu, sai a ɗauka taɓin hankali ne zalla.

Wani babban bincike da aka buga a 2020 ya tattara bayanan mutum 3,403 daga iyalai 1,492, galibinsu daga Turai da Arewacin Amurka. Matsakaicin shekarun fara ciwo ga masu MAPT ya kama kusan 50, ga masu C9orf72 58, ga masu GRN 61. Daga farawa zuwa rasuwa kuma matsakaicin ya kama daga shekara 6 zuwa 9. Wani binciken na 2015, a kan 'ya'yan majinyata da ba su fara ciwo ba, ya nuna hoton ƙwaƙwalwa kan fara sauyawa shekara 5 zuwa 10 kafin kowa ya ga alama. Wato ranar da dattijo ya fara abin kunya, ɓarnar ta daɗe tana gudana. Amaryar da ta tare bara ba ta da hannu a ciki.

To, abin da ke cikinki fa?

Da farko ki sani, yawancin masu cutar gaban ƙwaƙwalwa ba gadonta suka yi ba, kuma ba za su gadar ba. Kimanin 1 cikin 3 ne ke da wani a dangi mai irin ciwon, waɗanda kuma ake iya nuna ƙwayar gado guda a ce ga ta, kimanin 10 zuwa 20 ne cikin 100. Idan mutum ɗaya ne tak ya rikice a danginku, iyayensa kuma sun tsufa da hankalinsu, to da wuya a ce gado ne. Abin da ke sa likita ya ɗaga kunne shi ne a sami biyu ko uku a jere, kaka da ɗa, ko wa da ƙani, musamman idan sun fara tun ba su kai 65 ba.

Idan an tabbatar gado ne, lissafinsa ya bambanta da na sikila. A sikila sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita kafin yaro ya kamu. A wannan kuwa kwafi ɗaya daga mahaifi ɗaya ya isa. Duk wanda ke ɗauke da ita, kowane ɗa da zai haifa, namiji ko mace, yana tsakanin ya gada ko kada ya gada, rabi da rabi, kamar a wurga kwabo sama. Kowane ciki kuma da nasa wurgin. Don na fari ya gada ba shi ke nuna na biyu ya tsira ba.

Bari mu yi lissafin da surukinki. Idan an tabbatar yana ɗauke da ita, maigidanki 1 cikin 2 ne. Jaririnki kuwa, tunda ba a san matsayin babansa ba, 1 cikin 4 ne, wato sau uku cikin huɗu bai gada ba. Idan kuma maigida bai gada ba, magana ta ƙare a kansa, ba ta tsallake shi ta faɗa kan jikoki. Inda ake ganin kamar ta tsallake, yawanci wanda ke tsakiya ya rasu ne da wuri kafin ta bayyana, ko kuma ya tsufa ba ta nuna ba, domin akwai masu ɗauke da GRN ko C9orf72 da ke kai shekaru masu yawa lafiya lau.

Auren zumunci ba shi ke haddasa ta ba. Amma a dangin da aka tabbatar tana ciki, idan ɗan wa ya auri 'yar ƙani kuma aka yi rashin sa'a dukansu suna ɗauke da ita, rabon kowane ɗa ya tashi daga 2 cikin 4 zuwa 3 cikin 4. Irin wannan dangi ya kamata su nemi shawarar likita kafin a sa rana. Gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna ta.

Game da cikin kansa, ki kwantar da hankalinki. Wannan ƙwayar gado ba ta jawo ɓari ko naƙuda mai wuya. Hoton ciki ba ya nuna ta. Ba a ɗaukarta ta nono, ko ta cin abinci kwano ɗaya da majinyaci, ko don kin gan shi kina da ciki. Yaron da ya gada ana haifarsa lafiya, ya yi rarrafe ya yi makaranta kamar sa'o'insa, abin da ake tsoro yana can gaba da shekara arba'in ko hamsin. Abubuwan da ke barazana ga ƙwaƙwalwarsa a yanzu su ne waɗanda muke nanata miki kullum: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, jijjiga, doguwar naƙuda a gida, shawara a makon farko. Waɗannan kuwa duk akwai abin yi a kansu.

Akwai gwajin jini da ke gano ƙwayoyin gadon nan, amma ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, kuma yana da tsada. Da majinyacin ake farawa, domin sai an san wace ce cikin ukun kafin gwajin mai lafiya ya yi ma'ana. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a gwada yaro a kan cutar da sai ya girma take bayyana kuma ba a da maganin hana ta. Sai ya kai shekara 18 ya zaɓa da kansa. Ni ina ganin hikimar wannan ƙa'ida ta fi fitowa a wurinmu, inda kalma ɗaya idan ta fita za ta iya hana 'yan matan gida guda samun miji. Babba ma da ke son a gwada shi, sai ya zauna da likita tukuna ya auna ko zai iya ɗaukar amsar, domin ba a mayar da ita idan an ji. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa sukan zaɓi kada su sani, kuma haƙƙinsu ne. Kada ki matsa wa maigida, kada kuma danginki su matsa masa.

Kafin a ce ita ce

Ba kowane sauyin hali ne wannan cuta ba, kuma da dama daga cikin masu kama da ita suna da magani. Ƙari a gaban ƙwaƙwalwa, taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, ƙanjamau, tunjere da ya daɗe, ƙarancin bitamin B12, raunin tayirod, ciwon damuwa, shaye-shaye, kowannensu na iya sauya mutum. Wannan kaɗai ya isa dalilin kawo shi asibiti da wuri. Cutar gaban ƙwaƙwalwa a hankali take tafiya, wata da watanni. Wanda ya rikice cikin yini ɗaya ko biyu, ko bakinsa ya karkace, ko yana da zazzaɓi, a kai shi sashen gaggawa a ranar.

Haka nan mai jego. Idan a makonni biyun farko bayan haihuwa ta daina barci, tana surutai, tana tsoron jaririnta ko tana jin muryoyi, wannan rikicewar bayan haihuwa ce, tana samun mace 1 zuwa 2 cikin kowace 1,000 da suka haihu. Ba ta da alaƙa da abin da muke magana a kai, tana warkewa da magani, amma ba ta jira. A kawo ta nan take, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Idan majinyacin yana gidanku

Har yau babu maganin da ke tsayar da cutar, ko da yake ana ta gwaji, musamman a kan iyalan da ke gadonta. Magungunan mantuwa da ake ba masu Alzheimer ba sa taimako a nan, wani lokaci ma sukan ƙara masa fitina. Akwai wasu magungunan damuwa da ke rage yawan ci da maimaita abu da saurin fushi, likita ne zai zaɓa. Kada a sayo masa maganin barci a kemis, masu wannan cuta jikinsu kan sanƙare da wasu magungunan kwantar da hankali.

Ga mai sabon jariri, abu na farko: kada ki bar masa jaririn ko na minti biyar, ko da kuwa kaka ce da ta yi renon goma. Ba mugunta za ta yi ba. Za ta iya ajiye shi a bakin gado ta tashi, ko ta ɗura masa abin da take ci, ba tare da ta ga haɗarin ba. Ta ɗauke shi kina zaune kusa, wannan babu laifi. 'Yan mata da ƙananan yara ma kada a bar su su kaɗai da namijin da kunyarsa ta tafi, kuma idan ya yi miki maganar da ba ta dace ba, ki gaya wa maigida, a kuma gaya wa likita, domin alama ce ta ciwon da yake buƙatar ya ji.

Gardama da shi ɓata lokaci ce, haka ma tuna masa girmansa. A janye hankalinsa zuwa wani abu, a kawar da abin da ke tsokano shi. A ɓoye sukari da magunguna, a riƙa zuba masa abinci kaɗan-kaɗan yana zaune a miƙe, domin yakan cusa da yawa ya shaƙe. Makullin mota ko babur, da katin banki da takardun fili, a karɓe su cikin dabara tun kafin a yi asara, domin 'yan damfara ba sa samun wanda ya fi shi sauƙi. Duka da ɗauri da mari ba sa gyara ƙwayar da ta mutu, wahala kawai suke ƙara masa.

Ku kuma maza da dangin miji, jinyar nan ta shekaru ce, kuma a gidajenmu kan surukar gida take faɗawa. Mace mai tsohon ciki ko mai jego ba za ta iya ɗaga babban mutum, ta yi wankinsa, ta kwana tana gadin ƙofa, sa'annan ta shayar ba. A raba kwanaki tsakanin 'ya'yansa tun kafin ta haihu, a kuma bar ta ta riƙa zuwa awo a kan lokaci.

Ranar zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko likitan hankali, a zo da wanda ya san majinyacin tun yana lafiya, domin shi da kansa zai ce ba abin da ke damunsa, kuma yana iya cin gwajin mantuwa tsaf. A zo da takarda da aka rubuta tarihin dangi har zuwa kakanni: wa ya rikice, yana da shekara nawa, da me abin ya fara, yaushe ya rasu. A sa har da waɗanda aka ce iska ce ta taɓa su, da masu karkarwa, da waɗanda gaɓoɓinsu suka mutu a hankali. Tsofaffin matan gida su suka fi sanin wannan, a tambaye su cikin sirri.

Likita zai yi gwajin jini don kawar da cututtukan da muka ambata, zai kuma nemi hoton ƙwaƙwalwa, MRI idan da hali, ko CT. A farkon ciwo hoton kan iya fitowa kamar ba komai, sai a ce a dawo bayan wata shida ko shekara a sake. A adana hoton farko da takardarsa wuri mai kyau, a zo da su, domin da su za a gwada na biyu.